Tsofaffin Gem da Aka Jingine: Shin Ya Kamata Masu Su Su Ba Wasu Lasisi Su Farfaɗo da Su?

Duk wanda ya shiga Google ya rubuta "PES 2025 PPSSPP" zai tarar da shafuka barkatai da ke tallar sabon PES na waya, da sababbin 'yan wasa da sababbin riguna. Matasa da yawa a Rafin Guza, Kawo, Hayin Banki da Unguwar Dosa suna da irinsa a wayoyinsu. Wasu da datarsu suka sauke, wasu kuma ta Xender aka tura musu a shagon caji. Abin da mafi yawansu ba su sani ba shi ne, kamfanin Konami bai taɓa yin wannan gem ba. PES na ƙarshe da ya fitar wa PSP da PlayStation 2 shi ne PES 2014, sannan a 2021 ya ajiye sunan PES gaba ɗaya ya koma eFootball. Duk wani PES na PPSSPP mai ɗauke da shekara ta bayan 2014 tsohon gem ne da wasu masoya suka buɗe cikinsa suka yi masa kwaskwarima. Haka abin yake ga "FTS 24" da "FTS 25": kamfanin First Touch Games na Ingila ya tsaya ne a First Touch Soccer 15, ya mayar da hankali kan Dream League Soccer.

Wannan na nuna cewa akwai gem ɗin da masu shi suka gama da shi, alhali masu buga shi ba su gama ba. A nan tambayar wannan darasi ta taso: idan kamfani ba zai ci gaba da gem ɗinsa ba, shin ya kamata ya ba wasu magina na waje izini a rubuce su ci gaba da shi? Kafin a kai ga amsa, sai an fahimci abin da kamfanin ya mallaka, yadda lasisi yake aiki, da abin da ya faru a wuraren da aka gwada.

Me ya sa ake jingine gem mai farin jini?

Wanda ya yi zaman gidan gem a zamanin PlayStation 2 ya san God Hand na 2006, Mortal Kombat: Shaolin Monks na 2005, da Def Jam: Fight for NY na 2004. Wanda ya riƙe Nokia kuma ya san Space Impact da Bounce. An daɗe rabon da a ji ɗuriyar waɗannan daga wurin masu su. Dalilan sukan kasu huɗu.

Na farko, rufe ɗakin aikin da ya gina gem ɗin. Capcom ta rufe Clover Studio, masu God Hand, a 2007, ma'aikatan suka watse. Na biyu, karyewar kamfani. Midway, mai Mortal Kombat, ya durƙushe a 2009, Warner Bros. ta sayi mafi yawan kayansa, ta ci gaba da babban jerin Mortal Kombat amma ba ta waiwayi Shaolin Monks ba. Na uku, lissafin riba. Babban kamfani mai dubban ma'aikata ba zai ɗauke su daga gem ɗin da ke kawo masa ɗaruruwan miliyoyin daloli ya ɗora su kan wanda zai kawo kaɗan ba, ko da kuwa wannan kaɗan ɗin dukiya ce ga ƙaramin kamfani. Na huɗu, cukurkuɗewar haƙƙi. Def Jam cike yake da fuskoki, muryoyi da waƙoƙin mawaƙa na gaske, kuma kowannensu yana da nasa haƙƙin da sai an sake sasantawa a kai.

Wani lokaci ma ba a san takamaiman mai gem ɗin ba. Kamfanin Nightdive Studios ya nemi sake fitar da No One Lives Forever na 2000, sai ya tarar cewa Warner Bros., Activision da 20th Century Fox kowanne na iya samun hannu a ciki, kuma babu wanda ya yarda ya tono tsofaffin takardu ya tabbatar. A 2015 Nightdive ya haƙura.

Abubuwa uku da kamfani ya mallaka

Idan aka ce kamfani ya mallaki gem, abubuwa uku ake nufi, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne haƙƙin mallaka, wanda ya shafi rubutun kod, zane-zane, kiɗa, labari da taurarin cikin gem. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu. Haƙƙin aikin rubutu na mutum yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Jingine aiki ba ya kashe wannan haƙƙi. Gem ɗin da aka daina sayarwa shekara 20 da suka wuce har yanzu yana da mai shi.

Na biyu shi ne alamar kasuwanci, wato suna da tambarin da ake sayar da kaya da su. Wannan kuwa yana iya suɓucewa idan an bar shi. A dokar Najeriya, ana iya neman a soke rajistar alamar da aka yi shekara 5 a jere ba a yi amfani da ita ba, kuma ƙasashe da yawa suna da irin wannan tanadi. Flappy Bird ya isa misali. Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam, ya cire gem ɗinsa daga shagunan manhaja a Fabrairun 2014. Bayan shekaru, rajistar sunan a Amurka ta fita daga hannunsa saboda rashin amfani. A Satumban 2024 wata ƙungiya ta sanar da dawo da Flappy Bird, sai Nguyen ya fito ya ce ba shi da alaƙa da su, bai sayar musu da komai ba, kuma ba ya goyon bayan harkar kirifto da aka alaƙanta da aikin.

Na uku shi ne kayan aikin kansu: asalin kod, zanen farko da faifan sauti. Waɗannan sukan ɓace idan an rufe ofis ko an sayar da kamfani, ta yadda ko an samu izini sai an sake gini daga tushe.

Akwai kuma abin da haƙƙin mallaka bai rufe ba, wato tunani ko tsarin wasa zalla. Babu wanda ya mallaki tunanin "maciji yana cin abinci yana ƙara tsawo". Abin da ake mallaka shi ne takamaiman zane, sauti, kod da suna.

Lasisi haya ce

Hanya mafi sauƙi ta gane lasisi ita ce a duba yadda ake mu'amala da gona a ƙasar Hausa. Mai gonar da ba zai iya nomawa ba yana da zaɓi: ya bar ta saura, ya sayar, ko ya ba da haya ko aro bisa sharaɗi. Idan ya ba da haya, gona tana nan tasa, manomi yana da amfanin da aka yi yarjejeniya a kai, kuma in wa'adi ya cika gona ta koma hannun mai ita. Lasisin gem haka yake. Kamfani yana riƙe da mallaka, yana ba wani izinin amfani da suna da taurari na wani lokaci, a kan wasu na'urori, a wasu ƙasashe.

A aikace, hulɗar takan ɗauki ɗaya daga cikin siffofi uku. Akwai aikin ƙwadago, inda mai gem ya ɗauki magina na waje ya biya su, duk abin da suka gina nasa ne. Akwai lasisi na sosai, inda maginan suke nemo kuɗin aiki da kansu, su sayar, su ba mai suna kasonsa. Akwai kuma sayarwa baki ɗaya, inda mallaka take komawa hannun mai saye.

Masu amfani da waya sun ga lasisi da idonsu ko da ba su lura ba. Wayoyin Nokia da suka shigo kasuwa daga 2017 kamfanin HMD Global ne ya yi su, bisa lasisin sunan da ya karɓa a 2016. Gem ɗin Snake da ke cikin sabuwar 3310 ta 2017 kuma Gameloft ne ya gina shi, shekara 20 bayan Taneli Armanto ya rubuta na farko a Nokia 6110 a 1997. Bounce Tales na 2008 shi ma wani ƙaramin kamfani ne na ƙasar Finlan ya gina wa Nokia, sunansa Rovio. Shekara guda bayan haka Rovio ya fitar da Angry Birds, kuma a 2023 Sega ta saye shi kan Yuro miliyan 706.

Inda aka ci riba

Sega ta fitar da Streets of Rage sau uku, a 1991, 1992 da 1994, sannan ta yi shiru shekara 26. Ƙananan kamfanoni uku, Dotemu, Lizardcube da Guard Crush Games, suka kai mata tayi, ta amince. Streets of Rage 4 ya fito a Afrilun 2020, kuma cikin shekara guda an sayar da fiye da kwafi miliyan 2.5. A Mayun 2022 aka kawo shi Android da iPhone. Maginan sun sake zana komai da hannu, sun kuma gayyato Yuzo Koshiro, wanda ya yi kiɗan na asali, ya sa hannu. Nasarar ta sa Sega ta sake ba Lizardcube wani tsohon suna, suka fitar da Shinobi: Art of Vengeance a Agustan 2025.

Labarin Sonic Mania ya fi kusa da matashin da ke koyon kod shi kaɗai. Christian Whitehead, ɗan Ostireliya, masoyin Sonic ne da ya gina injin gem nasa. A 2009 ya nuna bidiyon tsohon Sonic CD yana aiki a iPhone da injin nasa. Sega ta ɗauke shi aiki, aka fitar da Sonic CD na waya a 2011. Daga nan shi da kamfanonin Headcannon da PagodaWest Games suka gina Sonic Mania a 2017, wanda masu sharhi suka yaba fiye da duk wani Sonic da aka yi cikin shekaru masu yawa kafinsa.

Akwai manyan misalai ma. Baldur's Gate II ya fito a 2000. Larian Studios na Beljiyam ya karɓi lasisi daga Wizards of the Coast, ya fitar da Baldur's Gate 3 a 2023, ya lashe kyautar gem ɗin shekara. Konami ta miƙa Silent Hill 2 ga Bloober Team na Folan, kuma sabon ginin da ya fito a Oktoban 2024 ya haura kwafi miliyan 1 cikin 'yan kwanaki. Hatta Nintendo, wadda ta shahara da riƙe kayanta gam, ta yi aiki da MercurySteam na Sifen wajen Metroid Dread a 2021.

Abin da ya haɗa waɗannan shi ne, maginan sun san tsohon gem ɗin ciki da waje, an ba su lokaci, kuma mai suna bai saki aikin ya juya baya ba.

Inda aka yi da-na-sani

A farkon shekarun 1990 Nintendo ta ba Philips izinin amfani da taurarinta a na'urar CD-i, ba tare da sa ido sosai kan abin da ake ginawa ba. Gem biyu na Zelda da suka fito a 1993 da Hotel Mario na 1994 sun zama abin dariya har yau, kuma Nintendo ba ta lissafa su cikin tarihin Zelda.

Misalin da ya fi kusa da masu karatu shi ne GTA. Rockstar ta ba Grove Street Games aikin sabunta GTA III, Vice City da San Andreas. Kamfanin ne dai, da tsohon sunansa War Drum Studios, ya kawo San Andreas waya a 2013. Da sabon tarin ya fito a Nuwamban 2021, sai aka tarar da fuskoki a karkace, ruwan sama yana rufe ido, ga kurakurai ko'ina. Abin da ya ƙara fusata jama'a shi ne an riga an cire tsofaffin daga shaguna. Cikin kwanaki Rockstar ta fito ta ba da haƙuri. Konami ma ta ɗanɗana nata da Contra: Rogue Corps a 2019, wanda masoya Contra suka yi watsi da shi.

Saboda haka tsoron kamfanoni yana da tushe. Sunan da aka yi shekara 30 ana ginawa gem ɗaya mara kyau na iya zubar masa da daraja, kuma mai saye ba ya duba wane ne ya gina, sunan da ke kan kwali yake gani. Wasu shugabannin kamfanoni suna ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haɗarin bai tsaya kan mai suna ba, yana hawa kan magini ma. Obsidian ta gina Fallout: New Vegas a 2010 wa Bethesda. Ɗaya daga cikin manyan ma'aikatanta, Chris Avellone, ya bayyana a 2012 cewa kwangilar ba ta da kaso a cinikin, sai wani tukuici idan gem ɗin ya kai maki 85 a shafin Metacritic. Maki 84 ya samu. Larian kuwa, duk da nasarar da ya yi, ya sanar a Maris na 2024 cewa ba zai yi Baldur's Gate 4 ba, zai koma kan abin da yake nasa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yadda kuɗin ke rabuwa

Ga lissafi na misali, don mai karatu ya ga yadda abin ke tafiya. A ɗauka wasu matasa a Kaduna sun karɓi lasisin wani tsohon suna, sun kashe N9,000,000 wajen gini, suna sayar da gem ɗin N2,000 a Play Store. Yarjejeniya ta ce mai suna yana da kashi 20 cikin 100 na abin da ya rage bayan shago ya cire nasa, kuma sun biya shi kafin alƙalami na N3,000,000 wanda ba a mayarwa, sai dai a riƙa cire shi daga kasonsa. Google yana karɓar kashi 15 cikin 100 a kan Dala miliyan 1 ta farko da magini ya samu a shekara.

Idan mutum 10,000 suka saya, ciniki ya kama N20,000,000. Google ya ɗauki N3,000,000, saura N17,000,000. Kason mai suna N3,400,000 ne, an riga an ba shi N3,000,000, za a cika masa N400,000. Magina suna da N13,600,000. In an cire kuɗin gini, ribarsu N4,600,000.

Idan mutum 3,000 kaɗai suka saya, ciniki N6,000,000 ne. Google ya ɗauki N900,000, saura N5,100,000. Kason mai suna a lissafi N1,020,000 ne, amma kafin alƙalamin N3,000,000 ya riga ya zama nasa. Magina sun tashi da N2,100,000 a kan aikin da ya ci N9,000,000, wato asarar N6,900,000.

A duka biyun mai suna bai yi asarar kuɗi ba. Abin da yake sa wa a faranti shi ne darajar sunansa, magini kuma kuɗinsa da shekarunsa.

A gida Najeriya

Har yanzu masana'antar gem ta Najeriya ba ta tara tsofaffin sunaye da za a jingine ba, amma harkar fim ta riga ta gwada. Charles Okpaleke na Play Network ya sayi haƙƙin Living in Bondage na 1992 daga Kenneth Nnebue, aka fitar da ci gabansa a 2019 ƙarƙashin umarnin Ramsey Nouah, ya yi kasuwa a gidajen sinima. Daga nan kamfanin ya bi sawun wasu tsofaffin fina-finai irin su Rattlesnake da Nneka the Pretty Serpent.

Ta ɓangaren gem, Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 ya nuna cewa kamfanin Najeriya na iya karɓar lasisi daga manya. A 2024 ya fitar da Disney Iwájú: Rising Chef, gem ɗin girki na waya da aka gina kan shirin Iwájú na Disney da Kugali. Akwai kuma katin Whot, wanda William Storey ya ƙirƙira a Ingila a shekarun 1930. Tauraronsa ya dusashe a can, amma a Najeriya ya zama wasan kowane gida, har magina na gida suka mayar da shi gem ɗin waya.

Arewa ma tana da nata sunayen da ke kwance. Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya yi tashe a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna, da Karambana na marigayi Kasimu Yero, suna nan a zukatan iyaye, amma yaro ɗan shekara 15 da wuya ya san su. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1930, yana da sarki, waziri, aku da labarai da dama da za su iya zama matakan gem. Imam ya rasu a 1981, don haka bisa ƙa'idar shekara 70 haƙƙin aikinsa yana nan har ƙarshen 2051. Matashin da ke son gina gem a kansa sai ya nemi masu haƙƙin, ya fara da mawallafinsa, kamfanin NNPC na Zariya. Dokar Najeriya ta ce mayar da haƙƙi ko lasisin da aka keɓe wa mutum ɗaya ba ya aiki sai an yi shi a rubuce. Cewar wani "je ka yi, ba komai" a baki ba ta isa a zuba miliyoyi a kanta ba.

To, ya kamata ko bai kamata ba?

Idan aka auna misalan nan, amsar da ta fi ƙarfi ita ce ya kamata, amma bisa sharaɗi. Dalili kuwa, barin suna a kwance shi ma yana da tsada. Masoyan asali suna tsufa, yara suna tasowa ba su san shi ba, alamar kasuwanci na iya suɓucewa, kuma gurbin da kamfani ya bari ba ya zama fanko. Masu kwaskwarima ba da izini ba suna cike shi, wasunsu don so, wasunsu don su cusa talla da ƙwayar cuta a wayoyin mutane. Hana wani, hana kai.

Sannan akwai wanda zai gina makamancinsa ya raɗa masa sabon suna. Eric Barone ya ga jerin Harvest Moon ya daina gamsar da shi, ya zauna shi kaɗai sama da shekara 4 yana koyon zane da kiɗa yana rubuta kod. Stardew Valley ya fito a 2016, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40, kuma babu sisin da ya shiga aljihun masu Harvest Moon. Koji Igarashi ma da ya bar Konami ya tara fiye da Dala miliyan 5 a Kickstarter a 2015 don gina Bloodstained, magajin Castlevania.

Sharuɗɗan da misalan suka nuna su ne:

1. A zaɓi magini da aikin da ya riga ya nuna, kamar yadda Whitehead ya nuna injinsa kafin a ba shi komai.
2. Mai suna ya riƙe ikon dubawa da amincewa a kowane mataki, amma kada ya shaƙe maginin har ya kasa kawo sabon abu.
3. A ƙayyade wa'adi, na'urori da ƙasashe, kuma a rubuta cewa izini zai koma gida idan ba a fitar da komai ba cikin lokaci.
4. Magini ya samu kaso a ciniki, kuma a fayyace wa ke da sababbin taurari da kod ɗin da ya ƙirƙira.
5. Kada a cire tsohon gem daga kasuwa don an yi sabo.

Inda babu maginin da ya cika waɗannan, ko haƙƙin ya cukurkuɗe, mafi ƙarancin abin da kamfani zai yi shi ne ya sake fitar da tsohon yadda yake a farashi mai sauƙi. Konami ta gwada wata hanyar a 2021, inda ta shirya gasa ta gayyaci ƙananan magina su kawo tsarin sabon gem a kan jerin tsofaffin sunayenta.

Abin lura ga mai waya

Kafin a sauke gem mai tsohon suna, a duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashinsa a Play Store, sannan a duba ko shafin mai sunan na asali ya ambace shi. Gem mai lasisi yakan rubuta sunan mai haƙƙi a allon farko. Manhajar PPSSPP kanta, wadda Henrik Rydgård ɗan Suwidin ya fitar a 2012, halastacciya ce kuma tana Play Store. Matsalar tana cikin fayilolin gem da ake saukewa daga shafukan da ba a sani ba. Duk gem ɗin ƙwallo ko na faɗa da ya nemi izinin karanta saƙonni, ganin lambobin waya ko hawa kan sauran manhajoji, a goge shi nan take, musamman a wayar da ke ɗauke da manhajar banki. Ta saƙon tes lambar sirrin cire kuɗi take shigowa.

Abin lura ga mai koyon gina gem

Gina gem a kan sunan wani ba tare da izini ba caca ce. Ƙungiyar Bomber Games ta yi shekara 8 tana gina Streets of Rage Remake kyauta, ta sake shi a Afrilun 2011, cikin kwanaki Sega ta sa aka sauke shi. Milton Guasti na Ajantina ya yi kusan shekara 10 yana gina AM2R a kan Metroid II, Nintendo ta dakatar da shi a Agustan 2016. Kamfanin da ya ɗauki Whitehead aiki shi ne dai ya dakatar da Bomber Games, don haka babu tabbas ko a wurin kamfani ɗaya.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a koyi aiki ta kwaikwayon tsarin tsofaffin gem a kwamfutar gida, sannan abin da za a fitar wa duniya ya zama da sunansa, zanensa da sautinsa. Godot kyauta ne, Unity yana da tsarin kyauta ga masu farawa, kuma rajistar magini a Google Play Dala 25 ce sau ɗaya. Dara, langa, dambe da kokawa ba su da kamfanin da ya mallake su. Sai dai dokar haƙƙin mallaka ta ɗora kula da kayan al'adun gargajiya, irin su tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya, a hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya idan za a yi kasuwanci da su, don haka mai son sayar da gem ɗin Gizo da Ƙoƙi ya tuntuɓi hukumar tukuna. Wanda kuma yake hangen wani tsohon suna na gida, ya gina mataki ɗaya da ke aiki a waya mai ƙaramin ƙarfi, ya rubuta tayi na shafi biyu mai ɗauke da kuɗin aiki, wa'adi da kason kowa, ya kai wa mai haƙƙi, kuma kada ya sa hannu kan takarda sai lauya ya karanta ta.